Saran Ƙugu

Asabar, 4 ga Maris

Ɗalibaina ma sun ɗauka daji ne. Kowa haka yake ɗauka in ya ga gonar Gwaggo Eduviges: ba kunya, ba layi, sai duhun itatuwa. Na ce musu babu itacen da ke tsaye a nan ba da izininta ba. Dogayen itatuwan ramon ne a sama, lemo da gwanda a tsakiya, barkono da ganyen magani a ƙasa.

Idanunta sun yi yana sosai bana. Ta murza ganye ta kai wa ɗalibata Rufina hanci. "Kaka, mene ne sunansa?" "Shinshina tukuna. Sunan ba zai gudu ba."

Ƙaunarta ta cika ni.

Laraba, 8 ga Maris

Anastacio, ɗanta, ya tare ni a bakin makaranta. Zai sare gonar kafin damina ya shuka ciyawar shanu. Wai tsohuwa ba ta gani, wata rana maciji zai same ta ita kaɗai. Bai yi ƙarya ba, shi ya fi ɓata mini rai.

"In ba haka ba wa zai riƙe gonar? Ke, Malama, da alli?"

"Ni yara kawai nake kaiwa, mai shanun da bai da ko akuya."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 18 ga Maris

Rufina ta jingina da itacen chechen mai dafi, hannunta ya tashi da ƙuraje. Gwaggo ta ce a duba kusa, ba za a rasa itacen chaka, maganinsa, ba. Ga shi kuwa, da jan ɓawonsa. Aka shafa, ƙaiƙayi ya lafa. Yanzu duk ajin sun san itatuwan nan biyu, ba a allo ba.

Na tambaye ta zancen shanu. Ta ce, "Ɗana ne. Da hannuna na koya masa riƙon adda." Ta ci gaba da ɓare wake.

Alhamis, 30 ga Maris

Anastacio ya fara saran gonar ta gabas. Ban je ba.

Lahadi, 2 ga Afrilu

Gwaggo ta ce in kai ta. Na so in hana, ta riga ta ɗauko sanda. Muka tarar da fili fayau, rana na dukan ƙasa, Anastacio yana zaune yana shan kunun masara. Ta saki hannuna ta bi kututturan tana lalubawa, ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa.

Dukansu daidai tsayin ƙugu ya sare su. Haka ake yi in za a shuka masara: a bar kututture da tsayi don ya yi toho, gona ta koma itatuwa bayan an ci amfaninta. Mai son ciyawar shanu daga tushe yake sarewa. Ramon biyu kuma suna tsaye a tsakiyar filin, ko ƙwarzane babu.

Gwaggo ta ce, "Tacio, shanun naka hawa bishiya za su yi?"

Ya dubi kututturan kamar wani ne ya sare su. "Bayana ke ciwo, Inna, ba na iya sunkuyawa."

"Ramon ɗin fa? Su ma bayan ne?"

Ya ce don inuwa ne. Kunnuwansa sun yi ja. Da muka juyo ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, zai jira damina ɗaya. In ba a samu mai zuwa kullum ba, zai dawo da gatari. "Kullum fa, Malama, ba ranar Asabar da 'yan rakiya ba."

Ina da aji, ina da jarrabawa.

Asabar, 10 ga Yuni

Ruwa ya sauka. Masara ta kai gwiwa tsakanin kututtura, kabewa na bin ƙasa, kowane kututture ya fitar da jan toho.

Ba wai na karɓi gonar ba ne. Hanyar makaranta ce ta fi daɗi ta nan da safe, kuma addar da ke bayan ƙofata aro ce.

Yau na sami Anastacio tsugune gaban wani tsiro, da bayan nan nasa mai ciwo. "Wannan fa mene ne, Malama?" Sunan yana bakina. Na tsinki ganye na murza, na kai masa hanci.

"Rufe ido. Gwada mu gani."