Kada Ka Ja da Baya

Zuwa ga Aapo, sanyin idona kuma ciwon kaina, ranar bazarata wadda ba ta faɗuwa, tafkin da na daɗe ina tsaye a bakinsa ina tsoron shiga. Gaisuwa daga Tampere, daga hannun da ya saba kai maka duka kowace Alhamis, yau kuma ya riƙe biro.

Na san ka ga sanarwar kamar yadda na gani. Masu wasan bidiyonmu za su rufe layinsa na intanet a ƙarshen watan nan, wai 'yan wasa sun yi kaɗan. Alhamis mai zuwa ce ta ƙarshe. Bayanta, da wane dalili zan kira ka? Tun da aikin gyaran manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska ya ɗauke ka zuwa gaɓar tekun Oulu can arewa, ba abin da ya rage tsakaninmu sai wannan filin dambe na cikin allo, inda muryarka ke shigowa kunnena tana cewa, "To Sointu, a sake?" Ba mu taɓa kiran juna don jin lafiya kawai ba. Ni da kai muna iya zama a benci ɗaya har kofi ya huce ba wanda ya ce uffan. Tsoro nake ji, Aapo. Idan aka ɗauke wasan, shirun nan zai cinye mu, kai can ni nan, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Ka tuna gidan wasan Jyrki, ɗakin ƙasan nan da ke bayan tashar jirgi, mai warin jiƙaƙƙun riguna da ƙonannen kofi? Can ka shigo da takalma sharkaf, ka zauna kamar ba ka san komai ba, ka share kowa ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kaina ka gama da ni, na tambaye ka ko ka san daga ina aka samo sunan shurin da ka kayar da ni da shi. Ka ɗaga kafaɗa ka ce, "Suna ne kawai, ko ba haka ba?" Na kusa faɗowa daga kujera. A wasan da kowane naushi da kowane shuri an raɗa masa sunan wata waƙar metal ko ta rok, irin masu tsawar gita da ganguna, wasan da hatta ƙarfen bel ɗin 'yan damben tambarin wata ƙungiyar makaɗa ne! Duk ƙasar nan, inda jarirai ma da ƙarar gita ake lallashinsu, kai kaɗai ka tashi da kiɗan rawar tsofaffi na kakarka. Jyrki ya dube ka ya ce, "Wannan yaron yana buga wasan nan kamar mai shan miya da mura. Cikinsa na cika, amma bai san me ya ci ba." Ka yi dariya har kunnuwanka suka yi ja, ni kuwa tun daga kunnuwan nan ban sake samun kaina ba.

Kai ka san saurin kowane bugu, ni na san asalinsa. Kai ka koya mini tarewa. Ka ɗora hannunka a kan nawa bisa sandar sarrafa wasan, ka ce, "Ba wuya, ja da baya kawai za ki yi. Muddin kina ja da baya, ba abin da zai taɓa ki." Na koya, amma ban taɓa kamo ƙafarka ba. Kai gwani ne, ya abin ƙaunata, ban taɓa ganin mai ja da baya irinka ba.

Yanzu bari in zo kan bugun nan da kake yi mini tsiya a kansa. 'Yar damben da nake ɗauka, tsohuwar nan mai guduma, tana da bugun da ake kira Ƙanƙara Ta Tsage. Duk wasan babu mai nawarsa. Sai ta ɗaga gudumar sama, ta tako, ta sake takowa, har mutum ya kurɓi kofi ya ajiye kafin ta sauke. Kowace Alhamis sai na yi shi, kowace Alhamis sai ka tare ka rama da mai zafi. "Haba Sointu, don Allah ki bar bugun nan, ko kakata za ta tare shi da hannu ɗaya tana saƙa da ɗayan," haka kake cewa. Wata rana a gidan wasansa Jyrki ya ƙara da, "Ƙyale ta, gadon gidansu ne." Bai san gaskiya ya faɗa ba.

Sunan wata waƙa ce ta wasu makaɗan garinmu da suka yi faifai guda ɗaya suka watse tun ban zo duniya ba. Yadda masu ƙera wasa a Japan suka tono ta, har yau ban sani ba. Tana farawa da tsawa, ganguna kamar ana rushe gini, mawaƙin yana ihu kamar maƙogwaronsa zai yage. Can a tsakiya sai komai ya ɗauke ɗif, gita ɗaya ta rage tana tafiya a hankali. Labarin wata mata ce a ƙarshen hunturu, ta hau kan daskararren tafki za ta tsallaka zuwa wani gida mai fitila a ɗaya gaɓar. Ƙanƙarar ta fara tsagewa a ƙarƙashin ƙafarta, ta ji, amma ba ta juya ba. Babana mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Wannan waƙar ya sa wa mamata a mota, ya kashe inji, ya zuba wa sitiyari ido. Da gitar nan ta gama, mamata ta ce, "To, na ji. Tada motar, sanyi nake ji." Neman auren ke nan gaba ɗayansa.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba, kai da ka haddace wasan nan ciki da bai. Idan bugun ya sauka a kan wanda bai tare ba, duk hayaniyar wasan takan tsaya, gitar nan ta fito ita kaɗai. Ba wanda ya taɓa ji a gidan Jyrki, don ba wanda ya taɓa barin sa ya sauka. Ni na sha ji, ni kaɗai a ɗakina, ina dukan gunkin gwaji wanda ba ya tarewa, ba ya kuma amsawa.

Ka gane yanzu, ko sai na zana maka a allo? Duk lokacin da tsohuwar nan ta ɗaga guduma, ni ce nake cewa ina son ka. Ina son ka, Aapo, son da ya hana ni jin daɗin abinci da barci. Ina tuƙa bas ɗina in hango dogon mutum mai ruwan ɗorawar rigar ruwa a tasha, sai in ɗauka kai ne, in buɗe ƙofa in ga ba kai ba ne. Baƙar alewar gishirin da ka manta a aljihun rigata tana nan, na kasa sha, na kasa zubarwa. Tsuntsaye sun fara dawowa, suna wucewa ta samanmu sun nufi arewa, ni kuwa ina bin su da ido ina jin haushinsu, don za su riga ni ganin garinku. Wane irin ciwo ne wannan, a ji muryar mutum a cikin kunne, a kasa taɓa ko hannun rigarsa? Jiya na bi ta bakin tafki bayan na tashi aiki. Ƙanƙarar ta yi duhu, tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na daɗe a tsaye ina saurare.

Ba na roƙon ka bar mini wasa. Ka yi faɗa da gaske kamar kullum, ka yi mini dariya idan na yi shirme. Amma a zagayen ƙarshe zan ɗaga gudumar, zan tako, zan sake takowa, kuma za ka sami isasshen lokacin tunani, tunda duk duniya ta shaida nawar bugun nan. Idan ka tare, zan ce, "Wasa ya yi kyau," kamar yadda na saba, ba kuma zan sake tada maganar ba, ko da yake zuciyata ba za ta koyi son wani ba. Idan kuwa na ji gitar nan ta fito, jirgin safiyar Juma'a da ni zai tashi zuwa arewa.

Abu ɗaya ne, ya hasken gaɓar da nake nufa. Hannunka ya san abin da ya saba, zai so ya yi shi tun kafin ka yi tunani. Ka riƙe shi. Na riga na yi nisa a kan ƙanƙarar nan, Aapo, kada ka ja da baya.

Taka, ko layi ya rufe ko bai rufe ba, har gitar ƙarshe ta yi shiru,
Sointu