Lakwal ɗin da Ta Raina Hausar Nafisa

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina gida? Ya jikin Inna, ya yara da zafin Damagaram? Mu nan Vénissieux, kusa da birnin Lyon, lafiya lau, alhamdulillahi.

Kin san muna nema wa ɗiyata Nafisa lakwal, makaranta mai koyarwa da Faransanci da Ingilishi. Mun je wata mai tsada a tsakiyar Lyon. Shugabar, da murmushinta na ƙarya, ta dubi ɗiyar da aka haifa a ƙasar nan ta ce, "Tana jin Faransanci kuwa?" Wai kuma mu daina yi mata Hausa a gida, kar kanta ya rikice. Yaya, mai tallar harshe biyu ce ke tsoron na uku! Ajinsu ba baƙar fata ko ɗaya, amma har ta nemi hoton Nafisa don tallarsu. Na ja hannun ɗiyata, ko sallama ban yi ba.

Mun sa ta wata lakwal a garin Vaulx-en-Velin. Ranar farko malamar ta ce Nafisa ta koya wa ajin "sannu". Yanzu kullum ita ke riga ni shiryawa.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Malam Sani da su Gwaggo.

Ƙanwarki,
Hadiza