Kifayen Kawu da Ƙoƙon Kwakwa

Assalamu alaikum Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an ji sauƙi. Anti ta ce tunda aka yi maka aiki a maƙogwaro ba ka iya magana a waya, sai dai in rubuto in ba direba. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji huɗu na tsaya.

Kwana uku ke nan da zuwana gidanka. Gidan shiru, sai injin akwatin gilashin kifin nan yana ta ɓul-ɓul a falo kamar mutum na son magana. Kifayen shida ne, na ƙirga. Ashe ba su kai ɗan yatsana ba! Mai jan jela da shuɗin kumatu ya fi kyau. Ɗaya kuma fara-fara, kullum tana cikin ƙoƙon kwakwa tana leƙena.

Kawu, albishirinka. Na tarar da ruwan ja kamar shayi, ga ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, ga wani soso baƙi ƙirin yana ƙarni. Na ce rashin mace a gida ne. Jiya na kwashe su a roba, na zubar da ruwan duka, na wanke gilashin da soson nan da sabulu, na cika da ruwan famfo. Yanzu garau, har fuskata nake gani. Sai dai tun safe suna sama suna buɗe baki. Ina jin godiya suke.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau biyu, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta sake auna jinina.

Ba godiya suke ba, numfashi ne yake gagararsu. Laifina ne da na bar miki mabuɗi ban bar miki bayani ba. Dauɗar soson nan ita ke tsabtace musu ruwa. Akwai ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye gubar kashinsu, kuma kin kashe su da sabulu. Ganyen ma da gangan na zuba.

Ki yi waɗannan yau. A ƙasan tebur akwai ƙaramar kwalba mai shuɗin murfi, ki ɗiga biyar a kowane bokiti kafin ya shiga wurinsu. Kullum ki zuƙe bokiti ɗaya da tiyo, ki mayar da ɗaya mai ɗumi daidai da nasu. Kada ki ba su abinci kwana biyu. Sannan ki je ƙarshen layi wurin mai gyaran agogo, shi ma yana kiwon kifi, ki ce na ce ya ba ki soso mai datti. Kada ki wanke shi, Auta. Ko hannunki na ƙaiƙayi, ki zauna a kansa.

Mai jan jelar sunansa Ɗan Gayu, ta ƙoƙon kuma Mai Ɗaki, sauran huɗun ƙannenta ne. Kakanninsu marigayiya matata ce ta kawo su gidan nan a leda, shekara tara ke nan, kuma irin bai taɓa yankewa a hannuna ba. Kayanta duk an raba. Su kaɗai suka rage masu motsi.

Ki riƙa faɗa mini gaskiya.

Kawunki

*

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa, ya jiki? Wallahi na yi kuka har direba ya ce ko mutuwa aka yi.

Na je wurin mai agogo. Da na ce soso mai datti nake so, ya sauke tabarau ya ce, "Ke ce 'yar wankin? Allah ya sa ba ki goge su da dutsen guga ba." Ya matso mini soson a leda da ruwansa, ya ce in gudu kada ya bushe. Na riƙo shi kamar jariri mutane suna kallona.

Ina yin bokitin kullum. Kifaye suna nan. Suna gaishe ka.

Taka,
Auta

*

Auta,

Sannu da gida. Ni ce Anti. Baba, wato Kawunki, ba ya iya riƙe biro sosai yanzu, wurin aikin ya kumbura, an mayar da shi ɗakin da ba a barin mutane su daɗe. Ni nake karanta masa takardunki.

Da na karanta ta ƙarshe ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga yatsu shida, ya girgiza kai. Wai wannan karon ba ki ƙirga ba. Ni dai roƙona, ko me ya faru da kifin nan kada ki rubuto. Likita ya ce a guji tayar masa da hankali. Kifi ne fa, Auta, ana sayarwa a kasuwa.

Amma ya hana ni rufe takardar sai ya sa hannu. Ga abin da ya iya:

Nawa suka rage?

Ki kula da kanki, ki riƙa kulle ƙofa.

Anti

*

Assalamu alaikum Kawu,

Allah ya ƙara sauƙi. Anti ki yafe ni, shi ya fara cewa in faɗi gaskiya.

Biyu suka rage. Ƙananan huɗu sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kullum da safe sai in tarar da ɗaya a kwance a gefe, launinsa ya zube kamar tsohon zane. Ban iya jefa su a shara ba, na binne su a tukunyar fulawar baranda.

Yau sati biyu babu wanda ya mutu, ruwan ya fara komawa shayi. Amma Kawu wani abu ya samu Mai Ɗaki. Ta rikiɗe ta zama rawaya shar, da baƙin zane a fuska kamar ta sa kwalli don faɗa. Ba ta cin abinci. In Ɗan Gayu ya matso sai ta fito kamar kibiya ta sare shi. Jelarsa duk ta yage, yana can bayan hita mai ɗumama ruwan a maƙale, yana numfashi da ƙyar. Ko yatsana na sa a gilashi sai ta kawo sara.

Na je wurin mai agogo, shago a rufe, wai ya yi tafiya. Ina jin ciwon ne ya hau mata kai, ko wani abu ya mutu a cikin ƙoƙon. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗaga shi in duba, sai dai in ka hana.

Taka mai laifi,
Auta

*

Auta,

Wannan da hannunsa ya rubuta, ya ɗauki kusan awa. Na ce ya bari, ya ƙi.

Ƙwai take tsaro. In kin taɓa za ta cinye su. Ki fitar da Ɗan Gayu a roba. KADA KI ƊAGA ƘOƘON.

Anti

*

Assalamu alaikum Kawu,

Na fitar da Ɗan Gayu kamar yadda ka ce, amma na makara. Ya kwana ɗaya a robar. Yana tukunyar fulawa tare da sauran.

Ƙoƙon kuwa kwana shida ina zaune gabansa, hannuwana a ƙarƙashin cinyata.

Yau da hantsi ta fito. Kawu, wasu abubuwa na biye da ita kamar ƙura mai ido! In ta girgiza jiki sai duk su kwanta a yashi. Na ƙirga sau uku, ashirin da bakwai, wataƙila da takwas, ba sa tsayawa.

Direba ya zo ɗazu, na ce ya jira in rubuta maka. Ya ƙi kallona. Ya ce in matsar da kujerun falo jikin bango, in shimfiɗa tabarmi, mutane za su zo, Anti tana hanya za ta yi mini bayani. Na ce takardar fa? Ya ce in ajiye tukuna.

Na matsar da komai, ban da teburin kifin. Duk wanda ya zo sai dai ya zauna a gefensa.

Ban san me jariran suke ci ba, Kawu. Ba ka faɗa mini ba.

Taka,
Auta