Albasar da Aka Ɗaura Min a Ƙafa

Da sunan Allah. Ina cikin hankalina sarai, allurar da suka yi min ba ta taɓa min kai ba. Ban iya rubutu ba, shi ya sa ƙanwata ta riƙe min waya nake faɗa da baki. Anjima za su shiga da ni su yanke ƙafar nan. Likita ya ce ana fitowa lafiya, ni dai ban sakankance ba. Babba, 'Yar Lele, Auta, in kun yi wayo a kunna muku ku ji muryar uwarku.

Na ɗaya, maganar albasa. Ban ce ku ƙi ta ba. In mura ta kama ku, ku ci ta ɗanya, tana buɗe hanci. Tari ma, ruwanta da zuma na sha ba ku, kuka samu sauƙi. Amma ko da wasa kar wani ya ɗaura muku ita a kan ciwo. Ƙusa na taka a bayan ɗaki wajen shanya. Kakarku ta wajen uba ta daka albasa da gishiri, ta cusa a ramin, ta naɗe da tsumma, ta ce kar a kwance sai ta zuƙe dafin. Kwana tara, kullum sai dai a ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Ɗaki ya ɗau wari, kowa ya shigo ya toshe hanci, mu ce ai albasa ce. Ƙuda na bina har banɗaki, in ce albasa ce. Ashe naman jikina ne ke ruɓewa, albasa na rufa masa asiri. Ran da aka kawo ni asibiti nas ta kwance tsumman, wani ruwa kore-kore ya zubo, har da tsutsa. Matar gadon kusa da ni ta juya ta yi amai. Ni kaina ƙyamar kaina nake ji. Duk abin da ya yi wari, ku buɗe ku gani da idonku.

Na biyu, katifar da zanen da na kwanta a kai, a ƙona su. Kar a ce za a wanke a shimfiɗa wa Auta.

Na uku, 'yan kunnena na 'Yar Lele ne. Keken ɗinkina a ajiye wa wanda ya fara koyon ɗinki a cikinku. Bahon da na aro wajen maƙwabciya yana bayan ƙofa, a ciki nake sa ƙafar tana ɗiga. A wanke shi da sabulu sau uku kafin a mayar, kuma a gaya mata gaskiya.

Na huɗu, kakarku. Babanku ya rantse ba zai ƙara taka ɗakinta ba. Ita kuwa tun jiya tana zaune a barandar asibitin nan, ta ƙi cin komai, ta kasa shigowa. Da albasar nan ta yi renon 'ya'ya bakwai, iyakar abin da ta sani ke nan. Ni ma ai ina da hanci. Na ji, na yi shiru, don tsoron asibiti. Na yafe mata. Baban yara, ka je ka gaida mahaifiyarka. Amma in Auta ya ji ciwo, ko za ta yi fushi ko za ta yi kuka, a wuce da shi asibiti.

Allah ya yi muku albarka, ya raya min ku. Kar a raba ku gida-gida, ku tashi ɗaki ɗaya, ku ci kwano ɗaya. Ga su can sun turo gado. Ƙanwata, leƙa baranda ki ce wa kakarsu ta shigo in gan ta.