Shafin da Nake So Ya Zama Gaskiya

Litinin, 5 ga Mayu

Yau wata huɗu da faɗuwar Umma. Hannunta na dama ya fara ɗan motsi, kuma in an riƙe ta tana takawa har bakin ƙofa. Maganar ce dai. Shanyewar ɓarin jikin ta tafi da ita, ta bar mata kalma ɗaya tak: "to". In tana son ruwa, to. In wani wuri na mata ciwo, to. Ko ni ta gani, to.

Umma ce fa mai maganar gidan nan, ni ce shiru-shirun. Yanzu mun zama mu biyu. Abba sai yamma yake dawowa daga shagon gyaran firji, a gajiye. Goggo, ƙanwarsa, da ta zo jinya, ita ke magana, yawanci da tukwane.

Keken ɗinkin Umma yana nan bakin taga, an rufe shi da tsohon zani. Rigar wata mata tana ƙarƙashin allura tun ranar, hannu ɗaya a haɗe, ɗaya ba a haɗa ba. Ba wanda ya cire.

Laraba, 7 ga Mayu

Akwai saƙon muryarta guda ɗaya da ya rage a wayata. "Ke sarkin karatu, in kin taso ki biyo min da baƙin zare, kada ki tsaya kallon littattafai." Shi ke nan. A ƙarshe ana jin ƙarar keke.

Na saurara a bayan aji lokacin hutun tara. Ba zan rubuta sau nawa ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Da ma ban duba ba. Na shiga intanet na rubuta tambayar da nake tsoron yi wa likita, sai na faɗa wani shafi da ya ce wanda maganarsa ba ta dawo cikin wata shida ba, ta tafi ke nan har abada. Da jan rubutu aka sa, ga hoton wani mai farar riga a gefe.

Mu mun riga mun cinye wata huɗu.

Na wanke wa Umma kai da yamma, ina ta kallon bakinta.

Asabar, 10 ga Mayu

Na samu! Na ci gaba da nema sai ga wata na'ura, kamar abin jin kiɗa da ake sa wa a kai. Wai tana tura wani sauti da ke tada wurin magana a ƙwaƙwalwa. Shafin ya ce binciken masana ya nuna tara cikin goma sun dawo suna magana. Akwai bidiyon wata tsohuwa tana kiran sunan jikarta, jikar na kuka.

Ban tsaya a shafi ɗaya ba, don a makaranta kullum ana ce mana kada mu dogara da majiya guda. Na nemo huɗu. Duk huɗun magana ɗaya suka yi, har da tara cikin goman.

Na nuna wa Abba bayan ya ci abinci. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya kalli bidiyon sau biyu. Ya ce, "Kin tabbata, 'yar boko?" Na ce wurare huɗu na duba. Ya ce, "To ai ke kika sani."

Rabon da in ga ya ƙara abinci na manta, amma yau ya ƙara.

Talata, 13 ga Mayu

Malamar laburare ta ba mu aikin wannan zangon. Kowa zai ɗauko wata magana da ya gani a intanet ya bi sawunta baya-baya har inda ta fito. Wa ya rubuta, yaushe, shi kuma daga ina ya samo. In shafi ya ce "bincike ya nuna", sai ka nemo binciken ka buɗe da kanka. Ta ce ba a tsayawa sai an isa wurin da wani ya zauna ya auna abu da gaske, ko kuma wurin da sawu ya ɓace.

Rediyo, ƙawata da muke benci ɗaya, ta ce ita za ta binciki ko gaskiya ne shan ruwa a tsaye yana sa ciwon gwiwa, don kakarta ta hana ta sakat. Malama ta ce, "Ki fara da binciken ko ana iya yin shiru na minti biyar."

Ni na ɗauki shafin wata shida. Ban faɗa wa kowa dalili ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Zancen wata shidan ya rushe. Shafin ba sunan marubuci, ba kwanan wata. Hoton mai farar rigar na same shi a tallan man goge baki. Littafin da suka ambata a ƙasa ya girmi Abba, kuma Malama ta taya ni nemo shafin da suke nufi. Abin da ya ce shi ne an fi samun sauƙi da sauri a watannin farko. Bai ce daga nan ƙofa ta rufe ba. Su suka ƙara wannan.

Na dawo gida kamar in tashi sama. Na ce wa Umma, "Ƙarya suke yi." Ba ta san me nake nufi ba. Ta ce to.

Juma'a, 16 ga Mayu

Malama ta karanta aikina a tsaye, ta ce ya yi kyau. Ni dai kaina a ƙasa. Sai ta ce, "Kina so maganar nan ta faɗi, ko?" Na ce eh. Ta ce, "Shi ya sa kika tona da ƙarfi haka. Wannan rabin aikin ne. Mako mai zuwa kawo min wadda kike so ta tsaya."

Na ce ba ni da irin wannan.

Ta dube ni ta saman gilashi, ta miƙo min takardata.

Lahadi, 18 ga Mayu

Wani tela ya zo ganin keken Umma. Abba ne ya kira shi, don na'urar tana da tsada, kuma ba wani abin sayarwa a gidan sai shi. Telan ya yaye zanin, ya taka ƙafar keken, ya buɗe ya duba kwarkwaro. Ƙarar ta cika ɗakin. Umma tana kan kujera, ta juyo da sauri, ta ɗaga hannun hagu. To, to, to.

Goggo ta ce, "Kun ji, ta yarda."

Ni ban san ko yarda ce ba. Ba wanda ya sani.

Sun daidaita. Ranar Asabar zai zo da mota ya ɗauka. Abba ya ce in Umma ta warke sai ya saya mata wanda ya fi shi, kuma in na'urar ta iso ba sai an riƙa wahalar kai ta asibiti wurin mai koyar da magana ba, tunda kullum a jigace take dawowa.

Litinin, 19 ga Mayu

Ba sai na duba ba. Shafuka huɗu ne fa suka ce na'urar na aiki.

Talata, 20 ga Mayu

Na zauna gaban kwamfutar laburare har aka kaɗa ƙararrawa, ban buɗe komai ba. Rediyo ta ce, "Wai hira kuke yi da ita a zuci?"

Umma, da kina magana da na tambaye ki. Da kin ce min, "Ke dai yi abin da za ki yi, ki daina tsayuwa kamar an dasa ki."

Laraba, 21 ga Mayu

Na duba.

Zan rubuta yadda ya tafi.

Shafi na farko ya ce daga na biyu ya samo. Na biyun da na ukun kalmominsu iri ɗaya ne, har wani kuskuren rubutu da ke layi na uku yana cikin kowanne. Na huɗun kuwa, can ƙasa da ƙaramin rubutu, an sa cewa talla ce aka biya. Dukkansu sanarwar kamfanin da ke sayar da na'urar suka kwafa. Ashe murya ɗaya na ji sau huɗu, ni kuma na ƙirga shaidu huɗu.

Na ce bari in ga binciken, wataƙila shi yana da ƙarfi. Na same shi, da sunan mujalla da jerin manazarta da komai, irin wanda in ka gani sai ka gyara zama. Mutum goma aka gwada. Goma kawai. Duk cikinsu ba wanda ya wuce sati shida da kamuwa, lokacin da da yawa ke samun sauƙi ko da na'ura ko babu. Duk suna zuwa koyon magana a lokaci guda. Ba a ware wasu da ba su sa na'urar ba a kwatanta. "Dawowar magana" kuma, a wurinsu, ko kalma biyu ka ƙara an ƙirga ka. Sunan babban marubucin shi ne sunan mai kamfanin.

Na kira Malama na ce ko ni ce ban fahimta ba. Ta ja kujera ta karanta. Ta buɗe shafin mujallar ta nuna min inda suka yi alkawarin buga duk abin da aka turo cikin 'yan kwanaki in an biya. Ta ce mujallar kirki sai wasu masana sun tankaɗe aikin, wani lokaci wata da watanni.

Na ce, "To ƙarya ce?" Ta ce, "Ban sani ba. Su ma ba su sani ba. Bambancin, su suna sayarwa."

Sai ta ce, "Wa ke ciwo a gida?" Sai kawai na fashe da kuka. Ta bar ni na zauna a bayan kantar littattafai har na gama.

Alhamis, 22 ga Mayu

Malama ta ba ni wata takarda da ta buga, wadda masana suka tattara bincike masu yawa suka auna su tare. Ba hoto, ba bidiyo, ba tsohuwa mai kiran jika. Ko'ina "mai yiwuwa", "ya danganta", "ana buƙatar ƙarin bincike". Abin da na iya tsinta: koyon magana a kai a kai yana taimaka wa mutane da yawa, wasu har bayan shekaru. Ba ta ce kowa ba. Ba ta ce yaushe ba.

Na bi sawunta ita ma, da mugunta, ina neman inda za ta karye. Ba ta karye ba.

Na fi son wancan shafin. Har yanzu na fi son shi.

Juma'a, 23 ga Mayu

Gobe tela zai zo. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin Abba ina komowa.

Asabar, 24 ga Mayu

Na faɗa masa da safe, yana ɗaura takalmi. Na fara da shafuka huɗu, na rikice, na koma kan mutum goma. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ke kika ce kin tabbata ba?" Na ce ni ce. Ya ce, "Yanzu kuma kin tabbata ba ta aiki?" Na ce a'a, ban tabbata ba, abin da na sani kawai ba wanda ya nuna tana aiki.

Goggo daga kicin ta ce, "Bokon nan naku, jiya fari yau baƙi. A gwada mana, me za a rasa?" Na ce keken. Ban san na faɗa da ƙarfi ba. Na ce da zuwa asibitin.

Motar tela ta tsaya a waje. Abba ya tashi ya fita. Ta taga na ga yana ba mutumin haƙuri, hannu a ƙirji, telan yana yarfa hannu yana nuna motar da ya ɗauko. Abba da ba ya magana biyu.

Da ya shigo ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba. Ya ce, "Da kin bar ni da fatan nan ko na sati ɗaya."

Ya tafi shago bai karya ba.

Talata, 27 ga Mayu

Abba yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan. Amma yau ya rufe shago da wuri ya kai Umma asibiti, ya ce in ɗauko jakarta in biyo su.

Mai koyar da maganar wata doguwa ce mai dariya da yawa. Ta jera katuna masu hotuna, ta jira Umma, ta jira, ba ta cika mata kalma ba ko sau ɗaya. Mu a gida kafin Umma ta buɗe baki mun riga mun faɗa mata. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta yaushe. Ta ce, "Ƙanwata, duk wanda ya ba ki rana, ki riƙe jakarki da kyau." Ta ba ni katuna goma sha biyu, kullum bayan makaranta.

Talata, 3 ga Yuni

Mako guda muna katuna. Kofi, kujera, takalmi, ƙofa. To, to, to, to. Jiran ne mai wuya. Ina zama a kan hannuwana don kada in taimaka.

Yau na ɗaga katin kofi. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi, har na fara sauke hannu. Sai ta ce, "Ruwa."

Ba kofi ta ce ba. Muryar ma ba irin tata ba ce sosai, ta yi kauri, kamar ta wanda ya tashi daga barci. Na sake ɗagawa, ta ce to. Ba ta ƙara ba har muka gama.

Goggo ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Me intanet ɗin naki ya ce a kan wannan? Alama ce?" Na ce ban duba ba.

Ba don komai ba ne, cajin wayar ne ya yi ƙasa. Na je na ɗebo ruwan na kawo mata, na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta har Abba ya dawo. Ni na faɗa masa. Ya sa na maimaita sau biyu.

Gobe katin kujera.