Ranar da Aka Kira Sunan Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki? Mu nan ƙalau, sai dai tarin Baba bai sake shi ba.

Ka ce in riƙa ba ka labarin shari'ar albashin su Baba, tunda na gama karatu ina gida. An zauna ranar Talata. Lauyan ƙaramar hukuma ya kafe cewa an tsayar da albashin ne don tantancewa ta nuna su ma'aikatan bogi ne. Har da Baba, wanda yake dubagari tun ba a haife ni ba. Alƙali ya ce a zama na gaba kowa ya zo da ƙafarsa, a kira shi ya amsa.

Baba ya sa na goge masa kakinsa, na rataye a bayan ƙofa. Ya ce ba kuɗin ne ke cin ransa ba, a ce wai babu shi. Yana ta tsokanar Umma, wai ashe fatalwa take dafa wa abinci. Na yi dariya, amma Yaya, ya rame ƙwarai. Na tambayi lauyansu ko za a matso da ranar, ya ce ba hali.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Da fatan ka koma lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba.

Jiya aka yi zaman. Na je da takardar rasuwa da katin aikinsa. Abokan aikinsa sun bar masa gurbinsa a bakin benci, inda yakan zauna saboda iskar taga.

Magatakarda ya kira sunansa. Shiru. Ya sake kira. Na miƙe, sai na ga bencin duka ya miƙe tare da ni. Alƙali ya sunkuyar da kai, ya yi mana ta'aziyya. Sannan ya ce umarninsa a kan wanda ya bayyana ne. Sauran sun yi nasara, za a biya su. Sunan Baba an cire, sai magada sun shigar da sabuwar buƙata.

Lauya ya ce muna da hujja, amma abin zai ja lokaci. Zan bi, ko ni kaɗai ce.

Da na dawo, Umma ba ta tambayi kuɗi ba. Ta ce dai, sun yarda akwai shi? Na ce mata bari in sha ruwa. Har yanzu ban koma ɗakinta ba. Kakin yana nan bayan ƙofa.

Ka gaya mini abin da zan ce mata.

Taka,
Auta