Abin da Rana Ta Bari

Challawa, Afrilu

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da Inna da ciwon ƙafarta. Yaya lambu, yaya zafi? Na zaɓi takarda ne domin duk sanda na kira ka Inna na kusa da wayar, kuma wannan magana ba ta kunnenta ba ce tukuna.

Jiya manajanmu, Alhaji Abdulbaqi, ya tsayar da ni a bakin kududdufin bayan kamfani, inda muke zuba ruwan da aka jeme fata da shi, yana koya mini yadda rana take aiki. Ni da na ƙare ƙuruciyata a jami'a ina karatun yanayi, na tsaya ina gyaɗa kai. Ya nuna mini kududdufin ya ƙafe ƙaf, ya ce Allah ya rataya mana injin tace ruwa a sama, ba ya shan dizal, ba ya neman hutu. Har da hamdala.

Rabin maganarsa gaskiya ne. Rana tana ɗaga ruwa ya zama tururi, ya hau sama ya huce, ya taru ya zama girgije. Sai dai ranar tana da tsantseni, ruwa zalla take ɗauka. Gishirin da ake barbaɗa wa fata da magungunan jima duk ta bar mana kayanmu a ƙasa. Yanzu cikin kududdufin fari ne fat. Matan ƙauye har sun fara zuwa da ƙwarya suna kankara, wai kanwa ce za su kai wa awaki. Na sa maigadi ya hana su, suka ce 'yar boko ta zo da rowa.

Ka san kwarin da ya taso daga bayan katangarmu, wanda yake bi ta gefen lambunka kafin ya faɗa kogi. Ruwan farko in ya sauka a ƙasar da bazara ta gasa, ba ya shiga, gudu yake yi. Zai narkar da farin nan, ya kawo maka har gida. Na roƙi Manaja a kawo mota a kwashe, ya ce damina da saura. Ni kuwa na ga iska ta juya, daga kudu take zuwa da laima, zufa ta daina bushewa a jiki.

Don Allah ka yi jinga a gefen kwarin, ka ɗaga bakin rijiyar lambu. Kada ka jira.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Sadiya

Challawa, Mayu

Yaya Mamman,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna, yaya yara?

Saƙonka ya iso. Na ji ka ce jinga sai bayan ka cire albasa, kuma kamfanin da ya ɗauki ƙanwarka aiki ba zai cuce ka ba. Na ji kuma ka karanta wa Inna takardar da na ce ba tata ba ce, ta ce in kama bakina in riƙe aikina. Na gode.

Masu sayen fatarmu sun zo daga waje. An zagaya da su, suka ɗauki hoton busasshen kududdufi, suka yaba da tsabta. Ni aka sa na riƙe musu lema. Ka ga ilimin yanayi bai tashi a banza ba.

Shamuwa ta sauka a kan tankin ruwanmu tun shekaranjiya. Ita ba ta da digiri, ko za ka fi yarda da ita.

Taka,
Sadiya

Na'ibawa, Yuni

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka jaje. Allah ya mayar da alheri. An ce yaran suna zuwa ɗiban ruwa har unguwar gaba tun da aka rufe rijiyar. Ka sa ido kada wani ya kusance ta.

Ranar da ruwan ya sauka ina bakin tagar ofis. Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ma'aikata suka fito suna murna, Manaja ya ce a yi addu'ar damina mai albarka. Na ga farin ya narke, kududdufin ya cika ya tumbatsa, ruwa mai shuɗi-shuɗi ya bi ta ƙarƙashin katanga ya nufi wajenka. Na kira wayarka tana kashe. Ko da ka ɗauka, me za ka yi da fartanya?

Ka ga abin da ya faru a taron kamfani, tunda kana cikin manoman da suka zo da mai unguwa. Ga abin da ba ka gani ba. Da safen ranar taron Manaja ya kira ni, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce mutanen ƙauye suna girmama ni, ni tasu ce, kuma na yi karatu. In tashi in yi musu bayanin sauyin yanayi: duniya ta ɗumama, ruwan sama ya lalace, ko a Turai haka ake fama. Wato abin da na karanta ya samu amfani a ƙarshe, za a rataya laifin a wuyan girgije, tunda shi ba ya zuwa taro.

Sauyin yanayi gaskiya ne, Yaya. Zafi ya ƙaru, damina ta rikice, kai ma shaida ne. Shi ya sa ƙaryar ta yi kyau. Da na miƙe na gan ka a benci na baya, hularka a hannu, har yanzu da farin a gefen takalminka. Sai na faɗi abin da ka ji: sama ta dawo da abin da ta ɗauka ne, ruwa mai tsabta, sauran kuwa na kamfaninmu ne.

A bakin ƙofa ka ce mini na zubar da aikina saboda albasar da ta riga ta mutu, wa ya aike ni. Ga amsarka yanzu. Ba don albasar bana na yi ba. Don rijiyar ce, da bazara mai zuwa.

Bayan kun tafi Manaja ya gode mini da ladabi, ya nemi makullin ofis. Na tattara 'yan kayana. Ta taga na ga gari ya washe, an sake buɗe bututun ruwan jima, kududdufin yana cika, rana ta koma bakin aikinta. Ita dai ba za a sallame ta ba.

Maigadi ya raka ni har ƙofar ƙarfe. Ya tambaye ni a hankali ko yanzu matan za su iya dawowa ɗiban kanwa, tunda mai hanawa ta tafi. Na ce masa guba ce. Ya ce to, ya ja ƙofar ya sa sakata. Na tare keke napep zuwa masaukina a Na'ibawa.

Ka yi jingar, ko da ba ka yi mini magana ba. Ka gaida Inna.

Ƙanwarka,
Sadiya